Butar Kalilu a Bakin Shinge

Tun cikin azumi hannun daman Kalilu mai shayi ya mutu, amma shi a ganinsa ba wanda ya sani. Kullum hannun na cikin aljihun riga, in an tambaya ya ce sanyi ne. Mutumin da direbobin Maraɗi ke tsayawa takanas don kumfar shayinsa, ya za a yi a ji ya zama mai hannu ɗaya?

To, shayin nan sai an ɗaga buta sama an tsiyayo, ɗaya hannun na danne da murfi. Shi kuwa da ya ɗaga sai murfi ya faɗo, ruwan zafi ya bi masa ƙafa. Shi ya sa ya sulale ya tsallaka iyaka zuwa garin Ɗan Isa, wurin wani maƙeri da bai san kowa nasa ba. Suka shafe safiya suna gwaji. A ƙarshe maƙerin ya ɗaura hannun birkin keke a jikin mariƙi, ya ja waya zuwa murfi. Ka matsa da yatsu, murfi ya kame gam.

Sabon abu ba a nuna shi kafin a fara mora, saboda bakin mutane. Sai gogan naka ya tura buta ƙarƙashin riga, ya rungume ta da hagu, ya nufo gida Magama.

Ranar kuwa Lahadi ce, kasuwar Jibiya na ci, shingen bakin iyaka cike da jama'a, ga masu kaki a tsorace saboda wani labari da aka kawo musu da safe. Wani dogo a cikinsu, baƙo ne a wurin, ya hangi mutum da ƙullutu a ciki, waya ta leƙo ta wuyan riga, hannu guda a aljihu.

"Kai! Tsaya nan! Hannu sama!"

Kafin ka ce me, fili ya buɗe. Masu tallan rake suka watsar, 'yan acaɓa suka kwanta bayan babura. Kalilu ya ga bakin bindiga daidai ƙirjinsa.

"Yallaɓai, buta ce."

"Fito da hannun nan daga aljihu!"

Ya aika wa hannun saƙo, hannu ya yi shiru. In ya saki buta ta faɗo da wayarta, harbi ne. In ya tsaya haka, harbi ne.

"Ba zan sake faɗa ba!"

Sai ga murya daga gindin darbejiya. Sakinatu mai fura ce, wadda ba a taɓa yin ɓari a Magama ba ta riga mai cikin sani ba.

"Ɗan nan, kar ka kashe bawan Allah! Hannun ya mutu tun azumi, kowa ya sani!"

Ta taso, zani na warwarewa, ta shiga tsakaninsa da bindiga. Ta zaro hannun daga aljihu ta sake shi. Ya faɗi ya yi ta lilo kamar tsumma a igiya. Sannan ta ɗaga masa riga a gaban duniya ta ciro buta.

Dogon ya sauke bindiga, ya zauna a kan buhun yashi ya dafe kai.

"Kowa ya sani, Iya?" in ji Kalilu.

"Wa kake zaton ya hana direbobi miƙo maka hannu? Wuce mu tahi, wawa."

Da la'asar ya hura gawayi, jama'a sun yi dafifi. Ya ɗaga buta da hagu a gaban kowa, ya matsa birki, murfi ya kame. Sai dai rabin shayin a ƙasa ya zuba, don har lokacin hannun mai ran bai daina kyarma ba.