Daga kara zuwa Kara

…kuma ai ba yau ta fara taɓa dabba ba. 'Yar mahauci ce fa, Zénabou ta unguwar Didaouré a Sokodé, wadda ta iya auna sa da ido tun ba ta iya ɗaura zani ba. Ƙirji ake taɓawa, a matsa gindin wutsiya a ji kitse, shi ke nan. To me ya kai hannun nan gefen cikin saniyarta? Da kansa ya tafi, hannun Baba ne a jikin nata, ya gangara ta dama, can ƙasa, ya danna.

Abu ya danno shi.

Tumbi ne. Ciyawa ta ci ta ƙoshi… A'a. Tumbi a hagu yake, Zénabou, wa za ki yi wa ƙarya?

Hantsi ya dubi karar Dapaong, kasuwar shanu ta cika har ta batse. Ƙuda, haushin bijimai, dillalai na ta rantsuwa da Allah a kan abin da ba su sani ba. Issifou mahauci na tsaye da igiya a kafaɗa, ya kafa wa wata bishiya ido kamar yau aka shuka ta. Ya sani. Mahauci ne, ta ina zai kasa sani? Shi nauyi yake saye, abin da ke ciki ba ruwansa. Ga kuma Mamadou, Bafillatanin da ke mata kiwon saniyar nan tun mijinta na da rai, ya dogara da sanda, ya sunkuyar da kai.

Wannan saniya! Shekara da shekaru tana ci tana kwanciya, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Juya. Haka suke kiranta, har sunan ya bi ta. Sau nawa ta ce a kai ta kara a huta, Mamadou na cewa, Inna a ƙara mata damina ɗaya? Sai yanzu — yanzu da Khairiya…

Jikarta Khairiya ta ci bak, jarrabawar gama sakandare. Ranar da sakamako ya fito ta shigo ba takalmi a ƙafa ɗaya, Iya na ci, Iya na ci, ta kusa kifar da kaskon wagashi, cukun da take soyawa. Jami'a a Kara. Karatun me? Wani abu mai dogon suna, na ƙasa da duwatsu. A biya kuɗi a koyi dutse, ga duwatsun Aledjo nan a hanya kyauta, jiya ma motar ta ratsa tsakaninsu tana nishi kamar mai naƙuda… naƙuda. Kai, wace irin magana ce wannan ke zuwa baki.

Burs, tallafin karatu na gwamnati, ba ta samu ba, wai makinta ya gaza da kaɗan. Kaɗan! Da kaɗan ake rasa mota a tasha, kuma ba ta dawowa don an ce kaɗan ne. Akwai wani tallafin, in ji yarinyar, na masu ƙaramin ƙarfi, amma sai wanda ya riga ya yi rajista. Wato ka haye kogin tukuna, sannan a miƙo maka kwalekwale. Ga ɗaki, ga abinci, ga takardun da malamai ke cewa a buga. Uban yarinyar, Wahabu, tun da babur ya karya shi ƙafar ba ta koma daidai ba, me zai bayar? Addu'a. Yana da ita buhu-buhu, Allah ya saka masa.

Sai ta bugi ƙirji gaban kowa: ina da saniya a arewa. Daga kara zuwa Kara, ta ce, har tana dariya, ta ji daɗin yadda maganar ta zauna. Daga kasuwar shanu zuwa garin masu karatu.

Ta kira Mamadou ta waya, ka sayar ka turo. Ya ce, Inna ki zo da kanki. Ta ce gwiwa, ta ce kuɗin mota, ta ce Sokodé da Dapaong ba ɗaki da zaure ba ne. Ya ce, ki dai zo. Ta zage shi tas bayan ta kashe wayar, malalaci, mai kunyar banza… Ashe. Ashe abin da ya kasa faɗa ke nan. Bai yarda ya ɗauka shi kaɗai ba, ya ajiye mata kayanta har ta zo ta ɗora a kanta.

Da ta zauna a Didaouré da yanzu an gama. Kuɗi sun shigo waya, yarinya ta hau mota, ba wanda ya san komai. Rashin sani… wa ya ce ya fi dare duhu? Wani lokaci inuwa ce.

Jini a siminti, ruwa na bin kwata. Tana ƙarama, riƙe da ƙwarya, an aiko ta karɓar kayan ciki. Baba ya farka cikin wata saniya, ɗan maraƙi ya silalo cikin jakarsa, da kofato, da gashin ido — gashin ido fa, dogaye. Baba ya goge wuƙa, ya ba yaransa naman su sayar, ya tafi gida. Har aka yi sallar layya bai sa nama a baki ba. Malam ya ce masa ba haram ba ne, yankan uwa ya wadatar da ɗa. Baba ya ce, na ji, Malam, halal ne, ni ne dai ban iya ba.

To Baba ba shi da jika mai bak.

A sayar wa mai kiwo mana, wanda zai jira ta haihu. Wa? Dubi karar nan. Rabin shanun na mutanen da suka taso daga bakin iyaka ne, suna sayarwa don ba su san inda za su kwana gobe ba. Kowa saki yake, ba mai kamawa. Mai wuƙa kaɗai ke saye.

A jira ta haihu, ta yaye? Kafin nan an rufe rajista har makulli ya yi tsatsa. Sai baɗi. Fousséni ɗan maƙwabta ma baɗi ya ce, ga shi can bakin kasuwa a kan zemijan, babur ɗin haya, furfura ta fara fito masa a gemu. Ita kanta da aka cire ta daga makaranta don ta riƙe tire, baɗi aka ce. Da allunan shaguna ta koyi haɗa baƙi, tana tafe tana karanta bango kamar taɓaɓɓiya. Ta san baɗi. Gari ne da motarsa ba ta cika.

Khairiya za ta ce ba komai Iya. Abin tsoron ke nan, za ta ce ba komai, ta ɗaura zani ta zauna gaban kasko, kuma ta iya suya, ja'irar, ta fi ta iyawa…

— Hajiya, rana na yi, in ji Issifou. Ga tayina na faɗa, ban rage miki ba. Ko in duba gaba?

Bai rage ba. Tayi mai kyau ne, ya wuce na juya. Har cikin ya saya, ɗan banza, bai dai ambata ba.

Mamadou ya ɗago, ya sake sunkuyawa. Saniyar na tuƙa, hankali kwance, tana korar ƙuda da wutsiya.

Kalma biyu ce tak a kara. Ka ce albarka, ka tafi da dabbarka. Ka ce na sallama, igiya ta koma hannun wani. Dukansu masu daɗin ji, kamar a masallaci aka haife su. Ko wacce ta faɗa, akwai wanda ba zai fito ba — ɗaya a nan, ɗaya a can Didaouré, jaka a ɗaure tun shekaranjiya…

Gwiwar na zugi. Issifou ya sauke igiyar daga kafaɗa, ya miƙo hannu.

Bakinta ya buɗe. Ita ma jira take ta ji.