Dubu Ɗari Biyar a Silin Gashi

"Dubu ɗari biyar? A wannan?" Mahadi mai aski ya ɗaga silin gashin da ya tsinta a ƙasa. "Abdulsalam, ka ji tsoron Allah."

"A faɗinsa kawai," na ce. "Ƙwayoyin zarra, atam. In ka jera su kafaɗa da kafaɗa."

"Har kafaɗa gare su!"

Shago ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Cajin waya ya kawo ni, ba aski ba. Rabona da kilifa shekara biyu, tun ranar da na gama sakandare. Shekara shida ana mana tal-kwabo a makaranta. Sumar nan ce kaɗai sakamakon da ya fito mini yadda nake so.

"To mu ƙulla," in ji Mahadi. "In an gan su, ka aske mini gemu. In ba a gani ba, suma ta tafi."

Na yarda. A littafinmu an zana su ƙuru-ƙuru, ja da shuɗi, kamar alewa. Kuma Isaac mai gyaran waya da ke maƙwabtaka yana da madubin da yake leƙa cikin waya da shi, mai mai da ƙuma akuya.

Muka ɗunguma gaba ɗaya. Har Baba Maishanu, mahaucin da ake cikin yi wa gyaran fuska, ya biyo mu da ƙyalle a wuya. 'Yan keke biyu suka bar fasinja a titin Nukkai suka shigo.

Isaac ya ɗora gashin, ya murɗa, ya murɗa.

"Gashi dai na gan shi, ƙato kamar rake. Atam bai zo ba."

"Matsa, yaro." Baba Maishanu ya kafa ido. "Kai! Ga su nan suna motsi!"

"Girarka ce, Baba," in ji Isaac.

Wani ɗan keke ya zube kan benci don dariya. Na leƙa da kaina. Rake ne. Rake kawai.

A kafaɗa suka mai da ni kujera, suna waƙa kamar an ci kofi. Mahadi ya yi bismilla, ya shiga ta kunnen dama. Na rufe ido. Ina ji suma tana zuba.

Ya kai tsakiyar kai sai wata mata ta leƙo tana neman Isaac, wayarta na wurinsa. Malama Bara'atu, mai koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Mutum shida suka ba ta labari lokaci guda.

"Ai gaskiya ya faɗa," ta ce. "Wani gashin ma ya fi haka. Madubin Isaac sau arba'in yake ƙara girman abu. Ko sau dubu ne ba za ku gani ba."

Kilifa ta mutu a hannun Mahadi. Ɗaya hannun ya tafi gemu.

"Amma ba a gani ba, Malama!" ya ce.

"Gaskiya ta yi halinta, a kawo gemu!" Baba Maishanu ya buga benci.

Shago ya rabu biyu, ana ihu, ana tafi, Isaac na rantsuwa da madubinsa. Na dubi kaina a gilashi: dama fili, hagu daji. Na dubi ƙasa.

"To wannan da ta riga ta zube fa," na ce, "wa zai mayar mini?"