Tseren Asabar da Idon Mama

Mijina bai sake taɓa sitiyari ba tun ranar da ya yi baya da mota ya tumɓuke ƙofar gidanmu har da ginshiƙinta. Ni nake kai shi makarantar da yake koyarwa, ni nake ɗauko shi. Amma ranar Lahadi, in ya zauna a falo ya miƙe ƙafa gaban talabijin, duk direbobin tseren duniya ba wanda ya iya tuƙi. Wannan ya taka birki da wuri, wancan ya shiga kwana kamar mai tura baro. Ƙanena Auta kuwa motar kamfanin ruwan roba yake ja, wadda in ta hau gada sai ka tausaya mata. Shi ma gwani ne. Na ukunsu maƙwabcinmu ne mai aski, wanda ba shi da ra'ayi sai na wanda ya yi magana a ƙarshe.

Shekara da shekaru tsarin gasar tseren motocin ɗaya ne, har ni da ban damu ba na haddace. Ranar Juma'a motoci su yi ta zagaye suna gwaji, ba mai cin komai. Ranar Asabar kowa ya yi gudu ana duba agogo, a san wanda zai tsaya a gaba. Ranar Lahadi a yi babban tsere. Sai masu gasar suka ce a wasu makonni za su mayar da gudun agogon nan zuwa Juma'a, Asabar kuma a yi ɗan gajeren tsere, ba tsayawa canjin taya. Iyakar abin da ya faru ke nan. Ba wanda ya mutu.

Amma yadda Malam ya shigo gida da labarin, sai ka ce ta'aziyya ya kawo. Malam kowa ke ce wa mijina, har ni.

"Sun kashe wasan," ya ce, ya jefar da jakarsa a kan yadin da nake yankawa. Ɗinkin labule nake yi, kuma ya san na tsani a taɓa mini yadi. "Tsere haƙuri ne. Dabara ce. Yaushe za ka canja taya, yaushe za ka lallaɓa injin. Yanzu sun mayar da shi wasan 'yan tasha, a yi fuu a gama."

Auta yana zaune yana shan shayina, ya yi tsaki.

"Haba Malam. Gwajin nan na Juma'a wa yake kallo? Mota ta yi ta yawo kamar kazar da ta rasa wurin ƙwai. Kai kanka barci kake yi, da bakinka a buɗe."

"Nazari nake yi."

"Da minshari?"

Mai aski ya ƙyalƙyale da dariya ya ce Auta ya yi gaskiya. Malam ya juyo ya ce irin su Auta ne matsalar zamani, mutanen da hankalinsu bai fi na ƙuda zama wuri ɗaya ba, don su ake lalata duk wani abu mai daraja. Mai aski ya gyaɗa kai ya ce wallahi wannan ma haka ne.

Na ɗauka abin zai wuce. Ina! Sai aka fara raɗe-raɗin wai a gajeren tseren za a juya layi, wanda ya fi gudu ya tashi daga baya. Nan Malam ya kusa shiɗewa.

"Wato a hukunta mutum don ya yi ƙoƙari! Kamar in ɗauki yaron da ya zo na ɗaya in kai shi bayan aji."

"Da ka yi haka," in ji Auta, "da na bayan sun san yadda fuskarka take."

"Kai da ruwa kake rabawa, me ka sani?"

"Na san yadda ake yin ribas."

Malam ya miƙe tsaye. Ni dai ina kan keken ɗinki ina kallonsu, manyan mutane da furfura a haɓa, suna neman ba hammata iska a kan motocin da ko ƙurarsu ba su taɓa shaƙa ba. Banza ta kori wofi. Da masu gasar za su ga waɗanda ke yanke musu hukunci, ɗaya da singileti mai huji, ɗaya da silifa wari da wari, da sun yi barcinsu da daɗi.

A wannan tsakanin aka yi wa Mama aikin ido. Mahaifiyarmu ce ni da Auta, tana zaune a wurina tun rasuwar Baba. Aka kankare mata yana a idon dama, aka rufe da bandeji, aka ce ta dawo ranar Asabar a buɗe a duba. A ranar kuma ina da aikin ɗaura labule a wani sabon otal, aikin da ba ya ɗaguwa don washegari za su buɗe. Auta ya ce shi zai kai ta a motar kamfani. Malam ya ce zai bi su ya riƙe mata hannu, ya kuma saurari bayanin likita, tunda shi ne mai ilimin gidan.

"Yaya, ki kwantar da hankalinki," in ji Auta. "Mama ce fa."

Abin da ban sani ba shi ne, mai aski ya riga ya ba su shawara. Kusa da asibitin idon akwai wani filin wasa mai ƙananan motoci masu inji, irin waɗanda mutum ke zama a ciki gindinsa na kusan shafar ƙasa, an kewaye hanyar da tsofaffin tayoyi. Ya ce su je can su raba gardama. A yi gajeren tsere a yi dogo, a juya layi, kowa ya ji a jikinsa wanne ne tsere na gaskiya. Da suka kai Mama suka ga layin ganin likita ya yi tsawo, sai suka zaunar da ita a benci, suka ce za su je su sayo mata ruwa. Mutumin da motarsa ke cike da ruwa.

Ina saman tsani da sandar labule a hannu wayata ta yi ƙara. Matar mai aski ce ta turo mini bidiyo, ta rubuta, "Maƙwabciya, zo ki ga naki." Mijinta ne ya ɗauka.

Ga Malam an cusa shi cikin motar, gwiwoyinsa sun kai kunne, hular kwano ta matse masa kumatu. Ga Auta a bayansa, wai an juya layi, gwani ya koma baya. Mai kula da wurin ya kaɗa tuta. Auta ya taka totur har ƙasa, ya wuce Malam yana ɗaga masa hannu, kwanar farko ta zo, shi kuma bai ga dalilin birki ba. Ya shige cikin tayoyin nan har sai da ɗaya ta hau masa kai. Malam kuwa, sarkin haƙuri da dabara, yana tafiya kamar mai rakiyar gawa. Wata mata mai jiki ta wuce shi, ta zagayo ta sake wuce shi, har da waiwaye. Ana jin muryar mai aski yana ihu, "Malam ka yi daidai! Auta ka yi daidai!"

Ban gama kallo ba wani kiran ya shigo, baƙuwar lamba. Nas ce daga asibiti. Ta ce ni ce 'yar tsohuwar nan mai koren mayafi? An gama duba ta tun ɗazu, an ɗiga mata magani a ido biyun, ba ta gani sosai, kuma ba kowa tare da ita.

Ban san yadda na sauko daga tsanin ba. Na bar abokiyar aikina da sauran tagogin, na ja mota.

Na same ta a ƙarshen baranda, an kusa tashi, benci duk ya zama wayam. Ta ɗora jakarta a cinya ta riƙe da hannu biyu, an sa mata baƙin tabarau da ya fi fuskarta girma. Da ta ji takuna sai ta ɗago.

"Auta?"

"Ni ce, Mama."

Ta mayar da kanta ƙasa. Sannan ta ce a hankali, "Fitsari ya matse ni. Na yi ta jira. Wata baiwar Allah ce ta kai ni, ban ma san fuskarta ba." Ta laluba ta kama hannuna. "Likita ya yi bayani da yawa a kan maganin. Na ce masa surukina malami ne, yana zuwa ya ji. Ya jira har ya gaji."

Na koma na roƙi nas ɗin ta maimaita mini bayanin. Ta maimaita, tana yi mini irin kallon da ake yi wa mai jefar da uwarta. Ban kare kaina ba. Me zan ce? Maza na can suna gyara wa duniya tsarin tsere?

Na sa Mama a gaban mota, muka zagaya filin motocin da na gani a bidiyon. Malam yana zaune a kan taya, ya yi amai a gefen takalminsa, jiri ya hana shi tashi. Auta yana riƙe da wuyan hannunsa da ya kumbura. Kuma wallahi gardama suke yi.

"Ka gani ko?" Malam ke faɗa da ƙyar. "Gajeren tsere hauka yake sa mutum. Ga shaida a hannunka."

"Kai dogon da ka yi me ka samu? Ko gama shi ba ka yi ba."

Mai aski ne ya fara hango ni. Ya sa wayarsa a aljihu, ya tuna yana da wanda zai yi wa aski, ya bi ta bayan shinge.

Na sauke gilashi. Auta ya ga Mama, fuskarsa ta canja.

"Yaya, wallahi yanzu muke shirin komawa. Layin ne muka ga..."

"Ina ruwan?" Mama ta tambaya.

"Na'am?"

"Ruwan da kuka tafi sayo mini."

Malam ya fara borin kunya, wai ai lissafin da ya yi ya nuna ba za a kai kanta da wuri haka ba, laifin asibitin ne da ba su da tsari.

"Malam," Mama ta ce, ba ta ko juyo ba, "na ba ka 'yata ina ganin na ba wa babba. Shiga mota, kana ba mutane dariya."

Auta ba ya iya riƙe sitiyari da hannun, dole aka bar motar kamfanin a wurin har washegari. Suka shiga baya su biyu kamar waɗanda aka kamo. Na buɗe tagogi saboda warin takalmin Malam.

Ogan Auta ya ji inda motarsa ta kwana, ya karɓe makulli, ya mayar da shi wajen lodi har hannun ya warke, bayan ya warke ma bai yi saurin mayar masa da makullin ba. Bidiyon kuwa ya zaga har ya kai makarantar su Malam. An daɗe in Malam ya shiga aji sai ya ji wani daga baya yana kwaikwayon ƙarar inji a hankali.

Ni kuma na cire talabijin daga falo na sa a kwali, na shimfiɗa babban teburin yanka a wurin. Na daɗe ina bukatar filin. Malam ya buɗe baki zai yi magana, na tsaya da almakashi a hannu ina jiransa, sai ya rufe.

Yanzu a shagon mai aski suke kallo, a wata 'yar talabijin da ke maƙale sama da madubi. Matarsa ta ce mini Malam ba ya fashin Asabar. Yana zama ya ba allon rabin baya, ya ce shi ba kallon shirmen nan ya zo ba, amma ba a yin kwana bai gani ba.

Idon Mama ya warke sarai, har zare take sa mini a allura. Da lokacin aikin ido na hagu ya zo, Auta ya shigo da sassafe da wankakkun kaya, ya durƙusa ya ce a ba shi dama ya gyara. Mama ta dube shi da kyau da idon da ke gani.

"Je ka abinka, ɗan nan," ta ce. "Kada in sa ka makara, ana jiranka a shirya wa duniya Asabar."

Ta miƙo mini jakarta, muka fita.