Dokta Ya Ce Ba Ta Dawowa

Kwana huɗu ke nan Inna Hadjara ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa, ruwan ma kurɓa biyu ta kau da kai. 'Yarta Lauratu ta dama kunun gyaɗa, ta yi farfesun kifi, ta aika har kasuwar Dembe aka sayo dabino mai laushi, duk a banza. Magani kuwa, in an miƙa mata sai ta karɓa da hannu biyu ta tura ƙarƙashin matashi. Abin haushin, likitan da ya yi mata aikin ciki sati uku da suka wuce ya faɗa da bakinsa cewa aiki ya yi kyau, ta ci ta sha magani kawai, za ta miƙe. Ta ma fara miƙewar, har tsakar gida take fitowa shan hantsi. Rana ɗaya kawai ta juya fuska bango, kullum sai ƙara zubewa take.

A tambaye ta dalili mana? Wa zai tambaya? Lauratu 'yar fari ce. Su Inna jikokin mahajjatan nan ne da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, tafiya ta tsaya musu a Injamena, suka kafa gida a unguwar Gardole. Sun saki abubuwa da yawa, sun ɗauki Larabcin gari, amma kunyar ɗan fari suna riƙe da ita gam. Shekara talatin da shida Inna ba ta taɓa zama hira da Lauratu ba. In ta durƙusa ta ce, "Inna, me ke miki ciwo?" sai a amsa wa bango, "Afe. Lafiya lau."

Lauratu malamar kimiyya ce a wata lise, wato makarantar sakandare, kuma a watan nan na Oktoba hankalinta ya rabu biyu. Wata tauraruwa mai wutsiya ta fito, irin wadda ke ɗaukar dubban shekaru kafin ta zagayo rana. Kullum bayan magariba sai ta hau soro da jumel, tabaran nan na hangen nesa, ta gwada hasken tauraruwar da na taurarin da ke gefenta, ta rubuta lamba da wurin da ta matsa. Ta sauko, ta tsaya a bakin tagar tsakar gida ta kira tsohon malaminta na jami'a, Dokta Siradji, mutumin Damagaram, wanda ke tattara awon masu kallo irinta. Shi digirinsa na taurari ne, ko allura bai iya yi ba.

Ranar kwana na biyar ƙanin Lauratu, Falalu, mai sayar da gwanjo a Dembe, ya faɗo gidan da rana tsaka, ko sallama babu. Ya jefa mata ƙunshin farin yadi a gabanta.

"Yaya, ni ba ɗan gidan nan ba ne? Me likita ya ce kika ɓoye mini?"

"Wane likita? Wannan kuma mene ne?"

"Likkafani ne! Inna ta sa in sayo mata. Ta ce da kunnenta ta ji ki a waya kina cewa, Dokta, ta fara dusashewa, kullum baya take yi. Ya ce miki wani abu, kika ce, to ba za ta kai sati biyu ba ke nan, in ta tafi kuma ba ta dawowa."

Lauratu ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Falalu, tauraruwa! Tauraruwar nake nufi!"

Kai jama'a, kun ji masifar da "ta" guda ɗaya ta jawo. Tagar da take tsayawa yin waya tagar ɗakin Inna ce. Tsohuwa ta ji hukuncinta, kunya ta hana ta tambayar mai maganar, ta kwanta tana jiran ranar.

Lauratu ta faɗa ɗakin tana kuka, ta yi bayani tun daga farko, ta rantse, ta sake rantsewa. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta dubi Falalu ta ce, "Ka ce mata Allah ya yi mata albarka. Ni ma haka na yi wa tawa uwar." Aka kira Dokta Siradji, bawan Allah ya yi ta kirari da sunan taurari cikin waya, yana haɗawa da Faransanci don ruɗewa. Inna ta ce ai likita ba ya gaya wa mara lafiya gaskiya. Aka nuna mata hoto, ta ce yaran yanzu babu abin da ba su sawa a waya. Aka ɗauko likitan gaske har gida, ta gaishe shi da mutunci, ta ƙi ƙarin ruwa. Da zai fita ya ja Lauratu gefe ya ce jikin da aka yanka ba ya jure yunwa, in aka ƙara kwana biyu a haka shi ba shi da ta cewa.

Tsoro ya kama Lauratu. Da bakinta ta kwantar da uwarta, kuma bakin nan ya kasa tayar da ita. Abu ɗaya ya rage, Inna ta ga tauraruwar da idonta. To amma maganar da ta gaya wa Dokta gaskiya ce. Sati biyu baya ko makaho ya kusa ganin wutsiyar nan a yamma. Yanzu awonta ya nuna ido tsirara ba ya kama ta, balle a cikin fitilun gari.

Falalu ya aro motar maƙwabci. Bayan la'asar suka shimfiɗa katifa a baya, suka ɗauko Inna, ba nauyi kamar ƙullin wanki. Ba ta yi musu ba, ta daina musu da kowa. Suka kama hanyar Gawi, ƙauyen maginan tukwane, suka wuce matan da ke kwashe tukwanensu daga shanya, suka tsaya a wani fili inda babu fitila ko ɗaya. Nan suka yi magariba.

Ga guntun gajimare na ƙarshen damina ya zo ya tsaya daidai wurin. Lauratu ta yi ta zagaye da jumel a hannu tana cewa, "Ya Allah, minti biyar. Minti biyar kawai." Ita da ta san lissafin tafiyar abin nan dare da rana, yau ga ta tana roƙon hadari ya matsa. Can ya ja gefe. Ta laluba daga tauraron da ta saba farawa, ta gangara, ta same ta: ɗan dishi-dishi kamar an shafa toka da yatsa, wutsiyar da ƙyar.

"Ga ta! Falalu, tallafo ta!"

Ya jingina Inna a ƙirjinsa. Lauratu ta durƙusa, ta saita jumel ɗin, ta kai shi fuskar uwarta. "Inna, ki duba tsakiya. Wani abu fari-fari mai jela. Ita ce ke tafiya, Inna, wallahi ita ce. Ba ke ba."

Kukan kwaɗi kawai daga wani kududdufi.

"Na gan ta," in ji Inna a hankali. "Masha Allah. Ga jelar nan, doguwa. Kalas, shi ke nan, hankalin kowa ya kwanta."

Falalu ya saki ajiyar zuciya, ya fara hamdala da ƙarfi. Daɗi ya kama Lauratu. Ta sunkuya ta leƙa ta gefe don ta gyara mata zaman jumel ɗin, sai ta ga fuskar a ɗan hasken da ya rage.

Idanun Inna a rufe suke, ruf.