Mangwaro a Gonar Aro

Ni ban ce Asama'u muguwa ce ba. Abin da nic ce, ita komai zuwa yake ya same ta tana zaune. Tsibiri guda anka haife mu, jirgi guda yak kwaso mu lokacin da ruwan Kainji yac ci garinmu. Amma da anka raba gidajen gwamnati nan gefen Wara, ita tas samu na bakin rijiya, ni kuwa anka kai ni can ƙarshe inda awaki ke kwana.

Abu guda gare ni wanda ba ta da shi, ƙofar gidana. Matar da jaririnta yaƙ ƙi nono, da wadda mijinta yat tafi kamun kifi bai dawo ba, da wadda ke son ta yi kuka ba a gani ba, duk wurina suke zuwa. In ina da magani in ba su, in babu in ba su magana. Da la'asar ƙofata ba wurin aza ƙafa. Asama'u na da rijiya, ni ina da mata.

Sai wata shekara, lokacin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, wani ma'aikaci Malam Basiru yaz zo daga Wara, yac ce za a gina muna gidan taimakon jama'a. Wurin awon jarirai, da koyon ɗinki, da ɗakin da mace za ta shiga ta faɗi damuwarta. Gefe kuma lambu, alayyaho da tumatir da itatuwan mangwaro. Fili kaɗai suke nema. Nic ce a raina, wanga ai aikina ne za a yi wa rufin kwano. In an gina shi ƙofata, na zama uwar wuri. In an kai shi wani gefe, an kwashe mini mata.

Nis share bayan gidana har da tsince tsakuwa. Basiru yaz zo tare da mai gari, yab buga ƙasa da takalmi, yat tambayi inda ruwa yake. Nin nuna mishi tafki, ga shi can shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Yac ce, "Inna, wa zai riƙa ɗauko shi kullum har nan?" Nic ce waɗanda sunka saba. Yay yi dariya irin ta masu albashi.

Daga nan sunka wuce wurin Asama'u. Ita ko shara ba ta yi ba. Gonar albasarta ce jikin rijiya, da kashin kaji da komai. Ta dai kawo musu soyayyen kifi. Ni ban ce kifin ne ba. Na dai ga kafin a wanke kwanon an zaɓi wurinta, Basiru kuma yac ce ran kasuwa zai dawo da dashen mangwaro a kafa, kowa ya san nan ne.

Da marece sai ga ta ƙofata, baki har kunne. "Marka, kin ji abin arziki? Sai ki riƙa leƙowa kina taya mu, kin san hannunki da yara."

Taya su. Nic ce Allah ya sa alheri.

To, gonar nan ba ta Asama'u ba ce. Da anka kwaso mu, gidaje anka ba mu, ƙasar noma ba ta isa ba. Kambarin tudu, 'yan asalin wurin, sunka ara muna. Ta Asama'u uban wani Yohanna ne yab ba mijinta aro, da tsohon yam mutu magana tad dawo hannun Yohanna. Kuma aro da ƙa'idarsa. Shuka albasa, shuka gero, kafa bukka in kana so, duk kaka ka kai ɗan abin da ka samu a shaida. Amma ba ka dasa itace. Wanda yad dasa itace ya ce ƙasa tasa ce, ko bai buɗe baki ba. Yaron goye ma ya san wannan a garinmu.

Washegari nih hau tudu sayen dawa. Akwai saura a rumbu, amma ba laifi ba ne mutum ya ƙara. Nis samu Yohanna na gyaran ƙotar fartanya. Munka gaisa, yat tambayi mutanen bakin ruwa. Nic ce lafiya lau, sai yabonsa da ake ta yi, tunda ya bar wa gwamnati gonar babansa har da mangwaro a ciki. Nic ce irin wagga kyauta sai su.

Yad daina abin da yake yi. "Inna Marka, wa yad dasa?"

"Ba a dasa ba tukuna. Sai ran kasuwa."

Nis sayi dawata nis sauko. Niƙ ƙara share bayan gida.

Ran kasuwa gari yat taru bakin rijiya. Nis samu wuri mai inuwa inda zan ga komai. An haƙa rami, Basiru na riƙe da dashen, sai ga Yohanna da ƙannensa, kowa da fartanya a kafaɗa. Bai ɗaga murya ba. Yac ce, "Malam, aje wanga itace."

Mai gari yad dubi Asama'u, Asama'u tad dubi mai gari. Ashe kowa na zaton ɗayan ya aika tudu. Basiru yaf fara bayanin cewa aikin gwamnati ne, ba na mutum guda ba. Yohanna yac ce ya ji, amma an ci garin waɗannan da ruwa, ba za a ci nasa da mangwaro ba. Ni dai ina zaune, ina ta lissafin inda ƙofar ɗakin awo za ta kalla a bayan gidana.

Sai Asama'u tad durƙusa. Mace da jikoki, gaban jama'a, gwiwa biyu a ƙasa. Tac ce laifinta ne, murna ce tar rufe mata ido, in ya ce a tashi yanzu za a tashi, har albasar ma ya karɓe. Ni da na san ta tun muna wanka tsirara a bakin gulbi, ban taɓa ganin ta iya wannan ba.

Yohanna yas sauke fartanya daga kafaɗa. Can yat tambayi Basiru ko awon nan har da jariran tudu, ko na masu salla ne kaɗai. Basiru yac ce na kowa da kowa ne.

"To miƙo mini dashen," in ji Yohanna.

Yak karɓi dashen, yat ture ramin da sunka haƙa da ƙafa, yah haƙa nasa da fartanyarsa, yad dasa da hannunsa. Haka yab bi sauran ɗaya bayan ɗaya, bai bar kowa ya taɓa ba, har ruwan farko shi yaz zuba. Yac ce itace nasa, ƙasa tasa, ɗaki na jama'a, mai gari ya shaida. Mai gari yash shaida da sauri. Anka yi ta guɗa. Har Asama'u taz zo tar riƙe mini hannu, tac ce an gaya mata ni ce nik kai labari tudu, da ba don ni ba da an yi ɓarna.

Kafin damina anka aza kwano. Matan garinmu sunka koma can, matan tudu ma da ba su taɓa sanin ƙofata ba sunka riƙa saukowa da goyo, suna wuce ni suna tambayata hanyar gidan Asama'u.

Rannan da la'asar ina zaune ni kaɗai, sai ga Zulaihatu, wadda duk 'ya'yanta ni nir riƙe mata su tun suna jajaye. Nim matsa mata ta zauna. Tac ce a'a, sauri take, babban turmina taz zo aro, za su yi daka a can. Nic ce ta ɗauka. Tat tambaya me ya sa ba a ganina. Nic ce ƙafa ke damuna.

"Ayya, Inna," in ji ta, tana mirgina turmin. "Ki zo ran Talata, akwai mai duba ƙafa. Zan gaya wa Asama'u ta sa ki gaba a layi."