Kwallin Maraɗi

Zulfa ba ta iya ƙarya ba, shi ya sa ranar da ta gwada abin ya zame mata masifa.

Ɗalibar kimiyya ce, kuma aikinta na digiri na biyu tarwatsa waya ne. Wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi ake ɗaurewa cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska aka ɗura wata wadda ba ta cin ƙarfe. Sai a tara wutar lantarki mai yawa, a sake mata ita gaba ɗaya. Kafin ƙiftawar ido wayar ta narke, ta tafasa, ta yi bindiga. Tururin in ya huce sai ya zama baƙin gari mai laushin da ido ba ya ganin ƙwayarsa. Injin yana wurin wani malami a Maraɗi, madubin auna ƙwayar garin kuma yana Katsina, ga shi injin ya ƙone a harbin ƙarshe. Kwalba ɗaya tak ta garin ta samu, ita ce za ta kai Katsina a toshe tam, domin garin nan saboda tsabar laushinsa yana shaƙar iskar waje ya koma tsatsa.

Rabe direba ya ji bayanin nan tun daga tasha, har ya gaji. Da suka doshi shingen kan iyaka na Jibiya ya waiwayo.

"Malama, don Allah in anka tambaye ki, kak ki ce bindiga, kak ki ce hoda. Wallahi nan za mu kwana. Ki ce kwalli na."

Jami'ar da ta buɗe jakarta, Rahama, mace ce mai fara'a, idanunta raɗau da kwalli. Ta ɗaga kwalbar.

"Ƙanwata, mene ne wannan?"

"Kwalli ne, ranki ya daɗe," in ji Zulfa.

"Kai! Na Nijar? Ni fa ba na sa wani sai shi."

Zulfa ta miƙa hannu, amma ina! Rahama ta sa farce ta ɓare abin toshin, ta murɗe marfin, ta dangwala ɗan yatsa tana murzawa.

"Laushi kam ba a magana," in ji ta. Sai ta ɓata fuska. "Amma me ya sa kwalbar ke ɗumi?"

Zulfa ta san dalili. Iska ce ke cin aikinta na shekara guda a gabanta, ba ta da yadda za ta yi. Sai gaskiyar ta zubo duka: wayar, wutar, bindigar da take yi, da tururin. Rabe ya dafe kai yana salati.

Rahama ta yi tsalle baya, ta goge yatsa a jikin mota kamar ta taɓa kunama.

"Abin da ke fashewa! Haba ƙanwata, ai da haka kika ce wa zai taɓa miki marfi? Rubuta sunanki kawai za mu yi, ki wuce da abinki a rufe."

Ta murɗa marfin da kyau, ta miƙa mata kwalbar da hannu biyu cikin girmamawa.

"Riƙe sosai, kar iska ta shiga."