Wadda Ta Fi Baƙin Ciki

"Sake faɗa, Mama. 'I was very sad.'"

Fure ta sake faɗa, karo na tara, harshenta na tuntuɓe. Matar da ta tashi da Kambarci, Hausar ma a kasuwa ta tsince ta, yau ga ta da Turanci a baki cikin wani ajin firamare da aka ara a Kontagora. Haggai, ma'aikacin ƙungiyar da ke raba wa 'yan gudun hijira kayan sana'a, ya yi musu bayani tun safe. Keken ɗinki ɗaya ya rage, mata kuma biyu, ita da maƙwabciyarta Ruka. Masu ba da tallafin suna ƙasar waje, bidiyo suke son gani, wai kuma fassara tana gundurarsu. Wadda bidiyonta ya fi kyau, ita ce da keke.

"Wai me nake cewa ne, ɗan nan?"

"Kina cewa da kina cikin baƙin ciki sosai. Sai ki ƙara da 'Now I am happier than before', wato yanzu kin fi da farin ciki."

"Na fi da?"

"Haka dai ake cewa, Mama."

To, haka ake cewa. 'Ya'ya uku gare ta a ɗakin aro, kuma nata keken ya ƙone tare da gidansu a wani ƙauye gefen Kasuwan Garba. A kan keken nan, ko haushin kare aka ce ta yi za ta yi.

Aka fara ɗaukar bidiyon da Ruka, wadda aka kashe wa miji da 'ya'ya maza biyu rana ɗaya. Ta tsaya ƙyam ta zubo Turancin tsaf, wallahi ta fi Fure iyawa nesa ba kusa ba, amma idonta a bushe kamar mai faɗin farashin albasa. Haggai ya duba wayarsa ya taɓe baki.

"Mama, ban ga 'sad' ɗin a fuskarki ba."

"A ina kake so ka gan shi?" in ji Ruka.

Sai ya yafito Fure. Tana buɗe baki kalmomin suka watse. Sai ya sauke wayar, ya tausasa murya.

"Mama, ya sunan maigidan?"

"Markus."

"A ina kika same shi ranar?"

Kai, yaron nan ya san aikinsa! A gonar dawa ta same shi, kife, ba rai, takalminsa ɗaya can gefe. Shekara guda ba ta gaya wa kowa zancen takalmin ba. Tana faɗa kuka ya ƙwace mata, shi kuma ya ɗaga wayar a hankali. Cikin kukan ta ce "I was very sad", tana jin haushin kanta, don ta san sarai ana ɗauka.

"Madalla. Yanzu ki share fuska, ki dafa keken, murmushi kaɗan."

Ta share, ta dafa, ta buɗe haƙora ta ce ta fi da farin ciki.

Haggai ya juya wajen Salihatu, abokiyar aikinsa mai riƙe da rajista. "This one is sadder than the other one. Much better." Fure ba ta jin Turanci, amma 'sad' da 'than' shi ya koya mata da bakinsa. Ta gane an gwada kukanta da na Ruka, nata ya ci. Kunya ta kama ta har cikin ƙashi.

A bakin makarantar, Ruka ce ta kama mata ƙafafun keken suka cusa shi cikin Keke Napep. Fure ta kasa haɗa ido da ita.

"Ruka, ki yafe mini."

"Laifin me kika yi? Riƙe can kar ya zame." Ta gyara mayafinta, ta ja da baya don mai Napep ya wuce. "Ni hawayena a hanya suka ƙare, tun kafin mu iso garin nan. Da na san za a neme su, da na rage kaɗan."